Ranar da Sitti Ta Jira a Gidan Inuwa

Babu wani Alhaji Inuwa. Da wannan zan fara, don na gaji da jin sunansa. Bai zo daga Kano da raƙuma ba, bai gina wa alhazai masauki a bayan Marwa don neman lada ba, kuma ba kakanmu ba ne. Ba a taɓa haifarsa ba ma. Gidan da kuke ji ana kira Gidan Inuwa, inda aka haifi ubanku aka haife ni, inuwa ce ta gaske ta ba shi suna, irin wadda mutum yake ja a ƙasa idan rana ta karkata. Gidan wasa ne. A cikinsa ake nuna wasan inuwa a zamanin Turkawa, kuma kakanninmu biyu, mata da miji, su ne masu wasan. Alhazan da suka zo daga baya suka ji Hausawan Makka suna ta cewa Gidan Inuwa, sai suka naɗa wa sunan rawani suka sa masa gemu. Baba kuwa ya ƙyale su, domin ya fi masa sauƙi a ɗauke shi ɗan attajiri da a ce ɗan masu wasa ne.

Ku 'ya'yan Yaya Salihu nake yi wa wannan rubutu. Na san ban kai shekarun da ake zama a ba da tarihi ba, ko furfura ɗaya ba ni da ita. Amma na ga yadda ake yi: a jira sai an tsufa, a manta rabi, a gyara rabi. Ni ba zan jira ba. A unguwar Zahir aka haife ku, gidan kuma yanzu ko dutsensa ɗaya babu, wurin ya shige cikin Harami. Don haka ku zauna ku ji.

Daga waje bai bambanta da manyan gidajen layin ba. Hawa huɗu ne, na dutsen Makka, ƙasansa baƙi samansa ruwan ƙasa, fuskarsa duk roshan, wato tagogin katako da suke turowa waje, an sassaƙa su ƙofa-ƙofa kamar rariya, mace ta ga titi titi bai gan ta ba. Katakon ta teku aka kawo shi, kuma idan zafi ya yi zafi har ƙamshi yake yi. Sai ka wuce dahliz, zauren shiga ke nan, sannan za ka gane gidan ba irin sauran ba ne. Maimakon tsakar gida, wani dogon ɗaki za ka faɗa, mai tsayin hawa biyu, babu taga ko ɗaya. Dakalai na dutse sun jeru suna hawa kamar matakala, duk suna kallon gefe guda. A sama akwai baranda da aka rufe da katako mai huda, nan ne wurin mata. Rufin an yi masa fenti shuɗi da taurari, rabinsu sun ɓare. A jikin bango an binne tuluna bakinsu na kallon ɗaki, kuma saboda su, idan ka yi raɗa a gaba, na kan dakalin ƙarshe zai ji ka sarai. Muna yara mun sha amfani da wannan wajen zagin juna. A ƙarshen ɗakin akwai wani babban firam na katako, tsayinsa ya fi mutum, babu komai a ciki. Bayansa wani siririn ɗaki ne, a saman bangonsa na yamma akwai rami da ya tafi a karkace har soron ƙarshe. Mu ramin tattabaru muke kiransa, don su ne a ciki.

Ba mu taɓa tambayar dalilin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A idonmu masaukin alhazai ne, mu kuma masu tsaronsa. Baba yana aiki a ƙarƙashin wani muɗawwifi, wato jagoran alhazai, idan lokacin Hajji ya zo yakan jero mutanen Kano da na Sakkwato da na Damagaram su kwanta a kan dakalan, su rataye ƙunshinsu a jikin firam ɗin, su yi wa Alhaji Inuwa addu'a kafin su yi barci.

Ni an tura ni Omdurman, a Sudan, wurin ƙanwar Umma tun ina ƙarama, can na yi karatu har na gama sakandare. A shekarar da nake ba ku labari na samu gurbi a makarantar horar da malamai mata a can, na dawo gida in yi sallama kafin a buɗe. Na tarar da jan fenti a ƙofarmu da ƙofofin layin gaba ɗaya. Za a faɗaɗa Harami, an ba kowa lokaci ya kwashe. Umma da Yaya Salihu sun riga sun koma Zahir da kaya. Mutum biyu ne suka rage a gidan: Baba, da uwarsa, wadda muke kira Sitti. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake ce mini Ummi, ita kuma take ce mini Takwara. Yanar ido ta rufe mata gani, a waje ba ta ganin komai sai fari fat. Tana zaune a dakalin gaba a kan wani tsohon tumtum na fata da ba ta yarda kowa ya taɓa, ta ce ba inda za ta.

Baba ya ja ni dahliz, ya rage murya.

"Ummi, ki bi ta a hankali. Inna ta ce ranarta take jira."

"Wace rana?"

"Ke ma kin sani," in ji shi, ya share ido da gefen rawani. "Tana so ta cika kusa da Ɗakin Allah. Wa zai ce mata a'a?"

Ashe tun da aka shafa fentin nan haka ake ciki. Mata suna zuwa daga unguwar Nakkasa su gaishe ta su fita suna kuka. Umma ta aiko da likkafani an wanke da zamzam. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar an riga an yi rasuwar. Ita kuwa mai jiran mutuwar, na lura, tana cinye kwanon shinkafarta tas ta nemi ƙari. Ga masu rushewa sun fara daga bakin layi, ƙura tana shigowa har cikin shayi. Ga jirgin ruwana daga Jidda ya kusa tashi, kuma an gaya mini sarai, wadda ba ta zo ranar buɗewa ba za a ba wata gurbinta. Na zauna a gaban Sitti na yi abin da babu wanda ya yi, wato na tambaye ta.

"Sitti, in mutuwa kike jira, ai a Zahir ma ana mutuwa. Tashi mu tafi ki yi ta a can, kafin rufin nan ya riga Mala'ika."

Ta juyo da farin idonta wajen muryata. Sai ta fashe da dariya, har tulunan bango suka amsa.

"Wa ya ce miki mutuwa, Takwara? Kin ga na yi kama da mai shirin tafiya?"

"Ba ke kika ce kina jiran ranarki ba?"

"Rana na ce. Rana! Ta sama, mai zafi. Kai, mutanen gidan nan! Shi ya sa ake ta kawo mini dabino ana kuka?"

"To me ya hana ki faɗa musu?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma dabinon mai kyau ne."

Ta sa na kama hannunta muka zagaya bayan firam, cikin siririn ɗakin nan. La'asar ta gabato. Ta lallaɓa bangon da ke gefe, ta ɗaga hannu iya tsayinta, ta ce in ɗora nawa sama da nata. Dutsen da ɗumi. Na ɗaga kai, na ga wani ɗan haske kamar faɗin tafin hannu, ya kutso ta tsakanin sheƙar tattabaru ya sauka a can. A nan tsaye ta ba ni tarihin gidan da aka haife ni a ciki ban sani ba.

Wani attajiri mutumin Sham ne ya gina shi. A garinsu ya saba kallon wasan inuwa, inda ake kunna fitila a bayan farin ƙyalle ana motsa mutum-mutumin fata. Amma gobarar fitila ta taɓa cinye gidan ɗan'uwansa, ya yi rantsuwa wuta ba za ta shiga ɗakin wasansa ba. Sai maginin ya ce to a aro ta Allah. Ya toshe ɗakin ruf, ya huda rami guda a karkace. Idan sanyi ya shigo rana ta kwanta ta kudu, bayan la'asar takan faɗo ta ramin kai tsaye ta bugi ƙyallen, ya yi fari kamar madara a cikin duhu. Sauran shekara hasken gefe yake bugawa, ba a wasa. Don haka mutanen Makka sun san lokacin gidan kamar yadda aka san lokacin kankana. Kakanmu Garba baduku ne, a ƙafa ya zo daga ƙasar Kano yana ɗinkin takalma a hanya. Attajirin ya ga yankansa a kasuwa ya ɗauko shi ya yanka masa mutanen wasa da fatar raƙumi, daga yanka ya koma motsa su, daga motsawa ya koma yi musu magana. Muryoyin mata kuwa Sitti ce take yi, a tsugune a gefensa inda ba mai ganinta. Har aka daina wasan, maza a kan dakali sun ɗauka wani ɗan saurayi ne mai siririyar murya. Matan baranda ne kaɗai suka sani, kuma ba su taɓa faɗa ba.

Ba ta kama sunansa, Baduku take ce masa. Ya rasu Baba yana ƙarami, wasu suka ci gaba da motsa fatunsa. Da mulki ya canza aka hana kiɗa da wasa, magajin attajirin ya tsorata, ya kwashe mutanen fatar ya ƙone su da hannunsa a kan soro, ya mai da gidan masauki. Ɗaya ne ya tsira. Shi ne wanda mutane suka fi so, Takaruni (sunan da ake kiran mutanenmu a Makka) mai dogon hanci, alhajin da kullum yake ɓacewa a hanya. Baduku ya zauna a gaban bango ya sa an zana inuwar fuskarsa, da ita ya yanka shi. Goshinsa ne, hancinsa ne, ɗan gemunsa ne mai tsini. Sitti ta ɗinke shi a cikin tumtum, ta zauna a kai tun daga ranar.

"Babu hotonsa a duniya sai wannan," ta ce. "Da ina da ido, ina jin tsoron fito da shi. Yanzu da na daina jin tsoro, babu idon. A waje fari ya yi mini yawa. Amma a ɗakin nan, in duhu ya yi duhu ƙyalle ya yi haske, baƙi a kan fari ina jin zan gani. Sau ɗaya nake so, Takwara. Daga nan ku kai ni ko Mina ce ku ajiye."

"Kama da wa ya yi?"

"Hancin nan na ubanki kina tsammani a kasuwa ya saya?"

Ni ba mai son jira ba ce. Washegari na aro fitilar gas mai famfo a wurin mai shayin bakin layi, na ɗaure farin ƙyallen ihrami da wani alhaji ya bari a jikin firam, na rufe ƙofa, na shiga baya na ɗaga hannuna na baza yatsu.

"Me kika gani?"

"Ƙwai soyayye," in ji ta. "Kashe abin nan, yana wari."

Babu yadda za a yi, sai ranar. Na hau soro da sanda da tsintsiya na kori tattabarun, na yashe ramin, na fito kamar wadda aka tona daga toka. Kullum bayan la'asar mukan je mu taɓa bango. Ɗumin yana saukowa yana matsowa wajen firam, amma tafiyarsa irin ta tsohuwa ce. Na auna da idona, na auna da ranar jirgi, na ga ba za su haɗu ba. Jirgin zai riga ta.

Na sami Baba na gaya masa komai. Na zaci zai yi murna uwarsa ba mutuwa za ta yi ba. Ya yi murnar, na ɗan lokaci. Da na kai kan tumtum sai fuskarsa ta rufe.

"Siffar mutum? A gidan nan? Duk shekarun nan ina saukar da baƙin Allah a kanta?"

"A ƙarƙashin Sitti take, Baba, ba a ƙarƙashinsu ba."

"Kar ki yi mini bakin 'yan makaranta. Kin san abin da zai faru da aikina in aka ji? Ki shirya akwatinki, Salihu zai kai ki Jidda. Inna kuma ko a kan kujera ne za a ɗauke ta."

"In aka ɗauke ta a kan kujera za ta je, amma ba za ta ƙara neman ƙarin shinkafa ba. Ka sani."

Ku fahimci Baba, kada ku ɗauke shi mugu. Yana yaro aka riƙa nuna shi a kuttabi, makarantar allo, ana cewa ga ɗan masu wasa. Ya yi shekaru yana wanke wannan suna da ɗawainiyar alhazai, yana ɗaukar tsofaffi a bayansa a Mina, har aka wayi gari ana ba shi wuri a sahun gaba. Sannan akwai wani abu tsakaninsa da Sitti da ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma na ƙarshe. A al'adar da ta zo da ita daga gida, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane. Ita ta riƙe wannan da ƙarfi kamar ba ta bar ƙauyensu ba. "Wannan" take ce masa. A ba wannan abinci. Wannan ya dawo? Shi kuma bai taɓa zama kusa da ita ya tambaye ta komai ba, shi ya sa ta ce rana ya ji kabari.

Ranar da Yaya Salihu ya zo da mota, na sa akwatina a bayan dakali na zauna a kai. Ya yi lallashi, ya yi faɗa da Larabci, ya koma Hausa da ya ga Larabcin bai ci ba, ya tafi. Ba zan ce muku ban yi kuka ba. Na yi, a kan soro, har tattabarun da na kora suna kallona. Tun ina 'yar ƙarama nake ganin kaina a gaban allo da alli a hannu. Amma babu wanda zai ɗaure ƙyalle ya buɗe tumtum in ba ni ba, kuma lissafin bai fi haka wuya ba. Ban gaya wa Sitti ba. Baba ya daina yi mini magana, sai dai bai kawo kujerar ba.

Saura masu rushewa. Sun cinye gidaje har sun kusa maƙwabcinmu. Na lulluɓa na fita na sami shugabansu, wani dattijo mutumin Yaman, ƙura ta mai da girarsa fara.

"Ya ammi, ka fara ta ɗaya bakin layin, ka bar namu ƙarshe."

"Don me, ya binti?"

"Kakata tana jiran rana."

Ya cire hularsa ya dafa ƙirji ya yi salati, ya ce Allah Ya sa ta cika da imani, za su juya. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na rufe. Da Hausa na yi tunanin, da Larabci na faɗa, kuma a Larabcin kalmar da ta fito ita ce ta kwana ba ta sama ba. Na bar shi da ladansa.

Ranar da muke jira ta zo wata Laraba. Tun kafin la'asar Sitti ta yi wanka ta sa turare, ta ɗaura wani zane mai saƙi da ban taɓa gani ba. Baba yana dahliz yana kwance ƙarafunan ƙofa, aikin da ya fara tun safe wanda bai kamata ya wuce shan shayi ba. Na rufe ƙofar ɗaki. Muka zauna a duhu. Sai gefen ƙyallen ya kama, kamar an ɗiga masa nono, farin ya yi ta ci yana faɗaɗa har firam ɗin ya cika. Taurarin rufi suka fito. Na yi ƙuruciya a ɗakin nan, ban taɓa sanin yana da kyau ba.

"Na ga fari mai kusurwa huɗu," Sitti ta ce. "Yi maza. Ba ta daɗewa."

Ta sauka daga kan tumtum, na farke ɗinkin da wuƙa, na zaro audugar. A tsakiya akwai wani abu a naɗe cikin tsumma. Da na buɗe, sai ya zube mini a cinya. Zafi da nauyi da ƙwari sun gama da shi. Ƙafa ɗaya ta rage, da kafaɗa, da wani yanki mai huda-huda da nake jin rigarsa ce. Kan ya zama gari.

Sitti ta miƙo hannu ta laluba cinyata, ta ɗauki gutsuren ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa tana neman hancin. Ta daɗe tana nema. Sannan ta tattara su a tafinta ta rufe.

"To," ta ce. "Ni na zauna a kansa. Kira mai mota, Takwara."

Da ta yi kuka da na jure. Wannan "to" ɗin ne ya tashe ni. Na fita dahliz na kama hannun rigar Baba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Zo."

"Ummi, sake ni. Na ce ba zan kalli..."

"Babu abin kallo, ya ruɓe. Kai ba fata ba ne, ba wanda ya yanka ka, Allah ne Ya yi ka. Inuwarka kuma kullum kana yawo da ita har cikin Harami. Zo ka tsaya kawai."

Ban san ko hujjar ce ta ja shi ko hannuna ba. Na tura shi bayan ƙyalle, na cire masa rawani, na juya shi gefe, na dawo da gudu na zauna kusa da Sitti. Ga shi nan, baƙi ƙirin a kan fari: goshi, da dogon hanci, da gemu. Kansa a sunkuye kamar wanda aka kama da laifi.

Sitti ta miƙe zaune. Gutsuren fatar suka zube daga hannunta ba ta sani ba. Tana kallo, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba tun ranar da ta haife shi.

"Audu," ta ce. "Ɗaga haɓarka."

Inuwar ta girgiza. Ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, shi ma bai taɓa ji ba. A hankali haɓar ta ɗagu, gemun ya yi tsini.

"Haka. Haka yake yi." Ta ja numfashi. "Ya fi ka wuya, ka fi shi tumbi. Amma shi ne."

Sai wata murya ta fito daga bakinta da ban san ta ba, siririya, mai kaifi, ta yarinya mai tsiwa, ta cika ɗakin har baranda.

"Kai Takaruni! Gishiri na aike ka saye a bakin layi, me ya kai ka Arfa?"

Na kasa kunne. Na ɗauka shi ke nan. Sai daga bayan ƙyalle, dattijon da alhazai suke sumbatar hannunsa ya amsa:

"Ba laifina ba ne, uwar gida. Hancina ne ya yi gaba, na bi shi."

Ashe yana tune. Yana ɗan mitsitsi yakan kwanta a ƙarƙashin bencin ubansa ana wasa, kuma maganar ta zauna a cikinsa duk shekarun nan ba ta ruɓe ba. Sitti ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye na bin kumatunta. Ta jefa masa wata, ya amsa rabi ya manta rabi, ta zage shi ta gyara masa. Suka yi ta yi, inuwar tana share ido da bayan hannu, har farin ya fara janyewa daga gefe, ya bar kafaɗarsa, ya bar gemun, ɗakin ya koma duhu. Baba ya fito ya durƙusa a gabanta. Ta koma "wannan" ɗinta tun a ranar. Amma ta ɗora hannu a kansa, kuma ba ta yi saurin ɗaukewa ba.

Da safe ita ta fara shiryawa. Ba ta waiwayi gidan ba, ta ce me za ta gani. Baba ya zauna gaba kusa da direba, ni da ita a baya cikin tabarmi da tukwane. Mun wuce masu rushewa, dattijon nan ya gan ta zaune daram tana cin dabino, ya bi motar da kallo baki buɗe. Muna hawan hanyar Zahir ta lalubo gwiwata.

"Yaushe ne jirgin naki?"

"Ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Sudan, Sitti. Inda jirage suke zuwa."

Ta kai mini duka a cinya, mai zafi.

"Wawiya. Don tsohuwa da garin fata? Wa ya sa ki?"

"Wa ya tambaye ki?"

Ta ƙara mini wani, sannan ta bar hannun a wurin. Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wani waje. A makaranta an koya mana yadda ido yake, kuma tun jiya abin yake cina: idon da ya raba baƙi da fari har ya gane tumbi bai mutu ba, rufe shi aka yi. Na kuma sha jin alhazai suna zancen likitoci a Jidda da suke cire yanar ido.

"Sitti, in mun sauke kaya kin huta, za mu Jidda."

"Ba kin ce jirgin ya tafi ba?"

"Ba jirgi ba. Likitan ido."

"A'uzubillahi! A sa mini wuƙa a ido da tsufana? Na ga abin da nake son gani. Me ya rage?"

Na dubi ƙeyar Baba ta gilashin motar. Na san za ta ƙi, na san shi ma zai ce a bar ta, na san sai na yi faɗa da gidan gaba ɗaya har da Umma. Ban damu ba, yanzu ina da lokaci.

"Ɗanki," na ce mata. "Da rana tsaka, ba ƙyalle a tsakani. Ranar Asabar za mu tafi."